Sharar da Sama Ta Dawo da Ita

A zamanin da mutane suka ƙware da hawa sama, har suna zuwa wata kamar masu zuwa cin kasuwar ƙauye, an yi wani babban gari a bakin kogi ana kiransa Rafin Gora. Gari ne mai arziki da yawan jama'a, sai dai abu guda ya hana shi sakewa, wato shara. Bolar da ke gabas da gari ta yi ta tashi shekara da shekaru har ta zama tsauni, ta fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo. Wuta ba ta mutuwa a cikinta ko da damina. Hayaƙi ya kwanta a kan unguwanni, ruwan rijiyoyi ya yi baƙi, awaki suna ta mutuwa da leda a ciki, tsofaffi da jarirai kuwa tari ya kama su.

Akwai wani tsohon injiniya a garin, Baba Dogara, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen ƙera kumbon sararin samaniya. Shi ya kawo shawarar a riƙa danƙare sharar a cikin kumbo ana harba ta zuwa rana, ta ƙone a can kowa ya huta. Aka karɓi shawarar hannu bibbiyu. Aka ƙera kumbuna marasa matuƙi, aka cika su maƙil, aka harba, mata na guɗa maza na tafi. Tsaunin ya ɗan ragu, mutane suka fara cewa an rabu da wahala.

Wata Talata da hantsi, babu hadari babu iska, sai aka ji abu yana sauka a kan rufin kwano. Da aka fito aka ɗaga kai, sai ga ƙunshi-ƙunshi suna saukowa daga sama a hankali kamar ana zuro su da igiya, kowanne an ɗaure shi tam da wani farin zare mai sheƙi. Aka kwance, aka tarar shara ce. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, kowane gida tasa sharar ce ta sauka a tsakar gidansa. Wata mata ta gane tsohon takalmin mijinta, liman ya gane fasasshiyar butar da ya yar tun bara.

Baba Dogara ya daɗe yana juya zaren a hannunsa. Ya sa almakashi ya ƙi yankuwa, ya sa wuta ya ƙi ƙonewa. Daga nan ya gaya wa dattawan gari cewa lallai akwai masu gida a can sama, kuma an taɓa su. Ya ce kumbo na gaba sai da mutum a ciki, wanda zai je ya gano da idonsa.

Wadda ta ce za ta je ita ce Tabawa, matuƙiyar da Baba Dogara ya koya wa aiki tun tana budurwa. Mahaifiyarta, Iya Hassu, tana kwance wata da watanni, ƙirjinta ya toshe, numfashi sai da ƙyar. Likita ya riga ya faɗa cewa magani ba zai yi mata komai ba muddin tana shaƙar wannan hayaƙi. Ran tafiya Tabawa ta durƙusa a bakin gadonta ta nemi gafara. Tsohuwar ta dafa kanta ta sa mata albarka, sannan ta ce da ita cikin shaƙaƙƙiyar murya, "Duk wanda kika tarar a can, ki fara yi masa sallama. Gidan mutane za ki."

Aka cika kumbo da shara, Tabawa ta yi bisimilla ta tashi. Ta keta gajimare, ta bar duniya a baya kamar ƙwarya mai shuɗi, ta wuce wata ta gefen dama. Tana gota shi muryar Baba Dogara ta ɗauke daga rediyo, alluran na'urori suka kama juyawa kamar mahaukata. Can sai kumbon ya tsaya cak, kamar an riƙe shi da hannu, ƙofa ta buɗe da kanta. Tabawa ta runtse ido tana jiran mutuwa, sai ta ji tana numfashi lafiya lau, iskar ma har da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko.

Ta leƙa waje ta ga wani fili marar iyaka, cike da waɗansu fararen dabbobi masu kama da barewa amma da fukafukai, suna kiwon haske kamar yadda tumaki ke kiwon ciyawa. A tsakiyarsu wani makiyayi ne tsaye, tsawonsa ya kai giginya, sandarsa ta walƙiya ce. Tabawa ta tuna maganar uwarta, ta daure ta yi sallama.

"Amincin Allah ya tabbata gare ki, ya ke 'yar Adam," in ji makiyayin, muryarsa kamar tsawa daga nesa. "Da kin fito ba sallama, da yanzu ke da akwatin ƙarfenki kun zama toka. Zo ki ga aikin mutanenki."

Ya kai ta inda wata dabba ke kwance, cikinta ya kumbura, idanunta sun juye, bakin leda ya leƙo daga maƙogwaronta. Ya ce da yawa sun riga sun mutu haka, shi kuwa hannunsa na wuta ne, da ya taɓa ledar sai ta narke ta ƙara manne musu. Tabawa ta tuna yadda suke yi wa awaki a gida. Ta naɗe hannun riga, ta danne kan dabbar da gwiwa, ta zura hannu har gwiwar hannu, ta yi ta jawowa a hankali har wata doguwar baƙar leda ta fito duka. Dabbar ta yi atishawa, ta miƙe, ta karkaɗe fukafukai. Tabawa ba ta tsaya nan ba, ta bi garken ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta ga tana kakari ta cire mata.

Makiyayin ya sunkuyo har fuskarsa ta zo daidai da tata, ya yi mata godiya irin ta manya. Ya gaya mata cewa a gabanta akwai Birnin Zarra, birnin aljanu Musulmi, kuma mai mulkinsa Magajiya ce ta sa aka mayar musu da shararsu. Ya ce ba shi da ikon ya roƙa mata sassauci, abin da zai iya kawai shi ne ya nuna mata hanya. Ya ɗaga sandarsa ya nuna gabas, kumbon ya zabura kamar kibiya.

Ba ta yi nisa ba ta faɗa cikin wani kogi marar gaɓa, wanda ba ruwa ke gudu a cikinsa ba sai duwatsun ƙanƙara, wani kamar rumbu, wani kamar gida. Ta yi ta kauce musu, hagu da dama, sama da ƙasa, gumi na zuba a idonta. Wani ya goge cikin kumbon, wani ya fasa fitilar gaba. Tana gab da fita wani ƙato ya daki fiffiken hagu ya karya shi. Kumbon ya yi ta wulwulawa da ita har ya je ya faɗi a gindin wata ganuwa mai haske, garau kamar ruwan da ya daskare.

A bakin ƙofar ganuwar wani tsuntsu ne zaune, girmansa ya kai giwa, fuskarsa ta dattijo ce mai farin gemu. Bayan ya amsa sallamarta, ya tambaye ta abin da ta ɗauko. Zuciyarta ta raya mata ta ce tsaraba ce ta kawo wa Magajiya, ko ta samu a bar ta ta shiga. Ta buɗe baki, sai kunya ta kama ta.

"Ranka ya daɗe, ƙazantar garinmu ce," in ji ta. "Ta fi ƙarfinmu, muka ce bari mu kai wa rana ta ƙone."

Tsuntsun ya ce duk wanda ya yi ƙarya a wannan ƙofa harshensa dutse yake zama, ita ta tsira da nata. Amma gaskiya ba ta wanke laifi, don haka za ta shiga ne a matsayin wadda ake ƙara. Aka ɗaure hannayenta da irin farin zaren nan, dogarai biyu masu kan zaki suka sa ta gaba.

Tabawa ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamar Birnin Zarra ba. Gidaje a rataye suke ba tushe, tituna na lu'ulu'u, maɓuɓɓugai na fitar da haske maimakon ruwa. Sai dai rabin birnin na gabas ya yi baƙi ƙirin. Tarkacen kumbunan Baba Dogara ne a warwatse, da tulin shara har saman gidaje, wari na tashi, ƙudaje da suka biyo kayan tun daga duniya sun hayayyafa.

Magajiya 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a kan tabarma mai launin bakan gizo, ta yafa wani mayafi mai duhu kamar inuwar tsamiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce hanyar da suka zaɓa zuwa rana ta kan birninta ta bi, kumbunansu suka yi karo da ganuwa suka tarwatse. Abin da aka gane mai shi an mayar masa, saura ga shi nan. Sannan ta sa aka shigo da waɗansu yara, hannayensu da ƙafafunsu duk ƙuna, don sun yi wasa da tsofaffin batura ruwansu ya zubo musu.

Wazirinta, wani dogo mai jajayen idanu, ya miƙe ya nemi a tattara duk abin da ke birnin, a haɗa da wanda ta kawo yanzu, a sake shi gaba ɗaya a kan Rafin Gora, wannan karon ba igiya. Fada ta amsa da gunaguni na yarda. Magajiya ta juyo ta tambayi Tabawa ko tana da abin cewa.

Tabawa ta dubi yaran, hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ba ni da hujja. Mun ɗauka sama fili ne da ba mai shi, ba mu tambaya ba. Abin da nake roƙo, a kwance min hannu a ba ni tsintsiya da kwando."

Magajiya ta dube ta daga sama har ƙasa. Can ta ce ta amince, bisa sharaɗi. Za ta raba tulin nan kashi uku, abin da ke ruɓewa, da abin da ke narkewa, da abin da ke kisa. In inuwar hasumiyar fada ta kai bakin ƙofar birni ba ta gama ba, maganar Waziri ce za ta tabbata.

Aka kwance wa Tabawa hannu, ta ɗaura ɗamara ta shiga. Ɓawon rogo da ƙashin kifi da ragowar tuwo gefe guda, gwangwani da kwalabe da robobi da tayoyi gefe guda, batura da alluran asibiti da gorunan maganin ƙwari gefe guda. Fasassun kwalabe suka yayyanka mata tafin hannu, bayanta ya ƙage, ƙishirwa ta busar mata da maƙoshi. Duk sanda ta ɗaga kai sai ta ga inuwar ta matso, tulin kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Aljanu suka yi cincirindo a kan katangu suna kallo.

A cikinsu akwai uwar ɗaya daga yaran da suka ƙone. Ta sauko ne don ta zagi Tabawa, ta tsaya a kanta tana huci. Da ta ga jini na ɗiga daga hannun Tabawa a kan kwandon, sai ta tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta a kan aikin da ta san ba zai ƙare ba. Tabawa ba ta daina tsinta ba ta amsa mata cewa ita ma tana da uwa a kwance, kuma wannan sharar ce ta kwantar da ita. Aljanar ta daina huci. Sannan ta tuɓe awarwaronta ta ajiye a kan katanga, ta jawo kwando ta tambaya ina ake zuba kwalabe.

Ganin haka wata ta sauko, wata ma ta biyo ta, sai maza suka ji kunya su ma suka sauko. Aiki ya kankama, kwanduna na shawagi a iska kamar tsuntsaye. Suna cikin haka wata yarinya ta ɗaga wani ruɓaɓɓen buhu ta ja da baya a tsorace. A ƙarƙashinsa wani abu ne kore ya fito, ya yi yaɗo, ga 'ya'ya jajaye sun nuna. Tumatir ne ya tsiro a cikin juji, kusa da shi ga 'yar bishiyar gwanda, ga kabewa ta yi fure. Mutanen Birnin Zarra haske suke ci, ba su taɓa ganin tsiro ba. Labari ya kai fada, Magajiya da kanta ta taso. Tabawa ta tsinki tumatir ɗaya ta goge da gefen zanenta ta miƙa mata da hannu biyu. Tsohuwar ta gutsura, ruwan ya gangaro mata a haɓa, ta lumshe ido ta ambaci sunan Allah.

Daidai nan Waziri ya nuna ƙofar birni. Inuwa ta kai, ga kuma sauran tuli ba a gama ba. Kwandon ya suɓuce daga hannun Tabawa.

"Na gani, Waziri," in ji Magajiya. "Inuwa ta kai ƙofa. Amma dubi waɗanda ke riƙe da kwanduna. Masu ƙarar ne da kansu. Wa ya rage da zan yanke hukunci dominsa?"

Waziri ya duba, ya ga har matarsa na cikin masu tsinta, ya sunkuyar da kai. Aka ƙarasa aikin tare.

A nan Magajiya ta ƙulla alkawari da Tabawa a madadin Rafin Gora. Abin da ke ruɓewa kada a sake harbo shi, abincin gona ne, wanda ya riga ya zo kuwa ta riƙe, za su yi lambu da shi. Abin da ke narkewa su narka abinsu a ƙasa su sake ƙera wani abu. Abin da ke kisa kaɗai za a kai wa rana, ta wata hanya da za ta buɗe musu arewa da birni, kuma kowane kumbo da matuƙi a ciki. Ta ƙara da cewa wannan karo na farko Tabawa ce za ta kai da kanta, har ƙofar rana, inda ko aljani ba ya zuwa.

Maƙeran birnin suka ɗora mata sabon fiffike, aka loda gubar duka. Da za ta shiga, Magajiya ta cire mayafinta ta wurga, ya buɗe ya lulluɓe kumbon tun daga kai har wutsiya. Tabawa ta kama hanya. Tun tana ganin rana kamar faifai har ta cika gabanta duka, ba sama ba ƙasa sai wuta. Ƙarfe ya fara kuka, gilasan na'urori suka tsattsage, gashin girarta ya ƙone. Ta kai hannu ga maɓallin sakin kaya, ya ƙi aiki, wayoyinsa sun narke. Saura ƙarfen da ake ja da hannu, shi kuwa ya yi ja kamar garwashi. Ta cire ɗankwalinta ta naɗe yankakkun hannayenta, ta kama shi, ta kira sunan Allah, ta ja da iyakar ƙarfinta. Cikin kumbon ya buɗe. Ta ga kayan sun gangara, sun yi wal sau ɗaya, babu su.

Da ta komo Birnin Zarra mayafin ya zama tsumma, duk huji. Ta ninke shi ta kai wa Magajiya tana ba da haƙuri. Tsohuwar ta yi murmushi ta ce tun kakanninta ake ajiyarsa ba a san ranarsa ba, yau ya yi aikinsa. Uwar yaron nan ta shafa mata wani mai a hannu, raunukan suka rufe nan take, sai tabo. Aka rako ta har bakin ganuwa.

A Rafin Gora an riga an fid da rai da ita. Da kumbon ya sauka, Baba Dogara ya riƙe hannayenta yana duban tabon, hawaye na bin gemunsa. Ta tara jama'a ta faɗa musu abin da ta gani da alkawarin da ta ɗauko. Waɗansu suka so su yi gardama, amma mutanen da suka ga takalmansu sun sauko daga sama ba su da dogon musu. Gari ya fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, aka hau tsaunin da kwanduna da baro. Manoma suka kwashi taki, maƙera da masu narka roba suka samu abin yi. Aka ci rani ana yi, aka shiga damina, wata safiya aka tashi ba hayaƙi. Kafin kaka rijiyoyi sun fara washewa, Iya Hassu kuwa ta tashi zaune, ta fara takawa zuwa ƙofar gida, har ta koma hura wutarta da kanta.

Da lokacin kai guba na gaba ya zo, Tabawa ta shigo yin sallama ta tarar da uwarta ta ci ado, ga ƙwaryar fura a rufe da faifai, ga ƙullin goro, ga irin kuɓewa da yakuwa da barkono a ɗaure a tsumma. Tsohuwar ta ce da ita za a tafi. Tabawa ta yi lallashi, ta kira Baba Dogara ya yi mata bayanin wahalar hanya da yawan shekarunta. Iya Hassu ta ce irin wannan godiya ba a aika yaro, shi ma da ya ƙera abin da ya faɗa wa mutane a ka ya kamata ya ɗauko hularsa. Baba Dogara ya je ya ɗauko.

Sabuwar hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ƙanƙara ba tangarɗa. Suka tarar da gabashin Birnin Zarra ya zama kore shar, kabewa ta hau katangu, yaran nan sun warke suna guje-guje a tsakanin kunyoyi. Baba Dogara ya cire takalmi tun daga ƙofar fada, ya durƙusa ya nemi afuwa, aka ce an yafe. Iya Hassu ta matsa gaban Magajiya za ta durƙusa, Magajiya ta yi wuf ta tare ta, ta zaunar da ita a gefenta a kan tabarma.

"Godiya na zo yi, ranki ya daɗe," in ji Iya Hassu. "'Yata da garinmu duk suna tafin hannunki, kika sake su. Numfashin nan da nake yi, bayan Allah ke ce."

"Ni ce da godiya, uwar Tabawa," in ji Magajiya. "'Yarki ta share min gida da jinin hannunta, ta kuma bar mana abin da ba mu taɓa sani ba."

Iya Hassu ta ce sam ba haka ba ne, Magajiya ta ce haka ne. Suka yi ta ja, kowacce na tura wa 'yar'uwarta godiyar, har Iya Hassu ta gaji ta jawo ƙwarya ta fara dama fura, tana yi wa Magajiya bayanin yadda ake shuka kuɓewa da irin ruwan da take so. Tabawa ta koma bakin ƙofa ta zauna ta jingina da bango. Ta ga ba abin da ake jira ta yi. Tana jin muryoyin tsofaffin biyu da ƙarar ludayi a cikin ƙwarya, barci ya ɗauke ta.